Ɗurin man Ayurbeda zai miƙar min da bangon hanci?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibi ne ɗan shekara 23, ina karatun kwamfuta a wani gari da ke daf da Delhi a ƙasar Indiya. Ina ɗan shekara 14 wani ya buge ni da gwiwar hannu a hanci wurin ƙwallo, na yi haɓo, aka ce ba komai, ban kuma ƙara jin wata damuwa ba. Sai da na zo nan ƙofar hancina ta hagu ta fara toshewa, musamman da dare. Baki buɗe nake kwana, in tashi maƙogwaro a bushe, abokin ɗakina kuma ya ce ina minshari. Na je wurin likitan hanci, ya leƙa ya ce bangon da ya raba ƙofofin hancina ya ɗan karkata hagu, amma kaɗan ne, bai kai a yi tiyata ba. Ya rubuta min wani maganin fesawa, na yi kwana huɗu ban ga canji ba na ajiye shi. Na koma wani maganin fesawa mai suna Otrivin da nake saya a kemis, shi kam nan take yake buɗe min. Yau wata huɗu ke nan, da farko sau ɗaya da dare, yanzu har sau huɗu a rana. Wani abokina ɗan ƙasar ya kai ni wani gidan maganin gargajiyar Indiya da ake kira Ayurbeda, suka ce za su yi min ɗurin mai a hanci na kwana 21 tare da wasu ƙwayoyi, bangon ya miƙe ba tare da wuƙa ba. Kuɗin ya kai rabin abin da Baba ke turo min na zango guda. Mama kuma ta ce kada in kuskura in bari a yanka ni a ƙasar mutane, har ta aiko min da man habbatussauda in riƙa ɗigawa. Anti, in biya su? Na gaji da rashin barci.

Wa alaikumus salam ɗana. Sannu da fama, Allah ya ba ka lafiya. Rashin barci ba ƙaramin abu ba ne ga mai karatu, kuma na ji gajiyar a cikin wasiƙarka.

Kada ka biya. Babu mai, babu ganye, babu ƙwaya, ko ta Indiya ko ta gida ko ta Turai, da ke miƙar da bangon hancin baligi. Gaban bangon nan guringuntsi ne, bayansa ƙashi ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, naka kuwa ya riga ya ƙosa a yadda yake tun ka gama girma. Duk wanda ya ce maka ɗigon mai zai mayar da shi tsakiya cikin mako uku, ya faɗi abin da ba zai iya cikawa ba.

Amma kada ranka ya ɓaci, domin a cikin wasiƙarka akwai labari mai daɗi da kai kanka ba ka lura da shi ba. Ka ce an buge ka kana ɗan shekara 14, kuma sai da ka je Indiya toshewar ta fara. To, duk shekarun da ke tsakani bangon a karkace yake, kana barcinka lafiya. Ka kuma ce da ka fesa Otrivin hancin yake buɗewa nan take. Otrivin ba ya taɓa ƙashi, ba ya motsa guringuntsi ko da ƙwayar zarra. Abin da yake yi shi ne ya matse jijiyoyin jinin da ke cikin fatar hanci, kumburi ya saɓe. Idan har saɓewar kumburi ta ishe ka shaƙar iska sosai, to mafi yawan abin da ke toshe ka kumburi ne. Shi kuwa kumburi yana jin magani.

Bari in kwatanta maka yadda cikin hancin yake. Ka ɗauka lungu biyu ne, katanga a tsakaninsu. A ɗaya gefen kowane lungu akwai wasu tsokoki masu laushi a jere, kamar kantoci, cike da jijiyoyin jini. Aikinsu su ɗumama iska, su jiƙa ta, su tace ƙura kafin ta sauka huhu. Suna kumbura suna saɓewa da kansu, kuma bi da bi suke yi: na hagu su cika na 'yan sa'o'i, na dama su huta, sannan su yi musaya. Wani likita Bajamushe mai suna Richard Kayser ya rubuta wannan a 1895, masanan yoga na Indiya kuma sun daɗe da lura da shi kafin nan. Gwada yanzu: toshe ƙofa ɗaya da yatsa ka shaƙa, ka toshe ɗayar, sannan ka sake bayan awa huɗu. Wanda katangarsa ke tsakiya ba ya ma sanin ana wannan musaya. Kai da katangarka ta ɗan ci lungun hagu, da zarar tsokokin hagu sun cika, ɗan filin da ya rage sai ya rufe. Kwanciya kuma tana ƙara tara jini a kai, shi ya sa dare ya fi wahalar da kai. Karkacewar kanta ba abin tsoro ba ce. Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro na Amurka sun ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na mutane bangon hancinsu ba a tsakiya daidai yake ba, akasarinsu kuma har su tsufa ba su sani ba.

Me ya kumbura maka hanci a can? Ka fi ni sanin iskar yankin Delhi daga Oktoba zuwa Janairu, lokacin da manoman Punjab da Haryana ke ƙone karan shinkafa, hayaƙin motoci da na wasan wuta na bikin Diwali su haɗu, sanyi ya danne su ƙasa, gari ya yi dishi-dishi. Hazon hunturunmu ƙura ce zalla, nasu kuwa ƙura ce da hayaƙi. Ina kyautata zaton nan abin ya samo asali. Sannan kwalbar Otrivin ɗin nan ta aljihunka ta karɓi aikin.

A nan nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau, domin duk cikin wasiƙarka ba abin da ya tayar min da hankali kamar wata huɗun nan. Sinadarin da ke cikin Otrivin sunansa xylometazoline, ɗan'uwansa kuma oxymetazoline, wanda ke cikin Nasivion da ake sayarwa a kowane kemis na Indiya. An yi su ne don mura ta 'yan kwanaki. Takardar da ke cikin kwalin ta ce kada a wuce 'yan kwanaki, likitoci da yawa ma uku suke cewa. Idan aka zarce, jijiyoyin sai su saba da matsewar. Da ƙarfin maganin ya sake su, sai su buɗe fiye da da, hanci ya toshe fiye da yadda yake kafin a fesa. Mutum ya ƙara fesawa, tazarar ta riƙa raguwa. Kai da bakinka ka ba da labarin: daga sau ɗaya zuwa sau huɗu.

Lokacin da nake aikin jinya na ga wani direban babbar mota da ya shekara biyu a haka. Kwalba ɗaya a aljihun gaban rigarsa, ɗaya a ƙarƙashin matashi, ɗaya a cikin mota. Yana zaune yana ba mu bayani hannunsa na kan aljihun, bai ma san yana yi ba. Da likita ya haska cikin hancinsa, fatar ta yi jajir ta kumbura har ɓangarorin biyu suna taɓa juna. Ya zo ne da niyyar a yi masa tiyata. Ba a yi ba. Raba shi da kwalbar aka yi, ya sha wuya mako guda, bayan wata ɗaya ya dawo yana numfashi baki rufe.

Saboda haka ka koma wurin likitan da ya duba ka, ka faɗa masa gaskiya: ka ajiye maganinsa a kwana na huɗu, kuma wata huɗu ke nan kana kan Otrivin. Kada ka ji kunya, ya saba jin irin wannan. Hanyar da ta fi sauƙin jurewa ita ce ka fara daina fesawa a ƙofar dama, wadda ta fi faɗi, ka bar ta ta toshe ta warware da kanta yayin da kake numfashi da hagu. Idan ta buɗe, sai ka daina a hagun ma. Kwana uku zuwa bakwai na farko za ka ji kamar an cusa maka auduga, za ka yi ta juyi a gado, hannunka zai riƙa laluben kwalbar. Ka ba abokin ɗakinka ya riƙe maka ita. Ka kuma zaɓi makon da ba ka da jarrabawa.

Maganin da likitan ya rubuta maka, ina zaton irin su fluticasone ne ko mometasone, masu kwantar da kumburi daga tushe. Ba ka yi masa adalci ba. Ba ya buɗe hanci nan take, sai an yi ta fesawa kullum, ana fara jin sauƙi bayan kwanaki, cikakken amfaninsa kuma yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Ba ya jawo irin sabon da Otrivin ke jawowa, abin da ke shiga jini daga cikinsa kuma kaɗan ne ƙwarai. Yadda ake fesa shi yana da muhimmanci ga mai irin hancinka. Ka sunkuyar da kai kaɗan, ka riƙe kwalbar da hannun dama idan hagu za ka fesa, da hannun hagu idan dama ce, ta yadda bakinta zai kalli wajen kunne. Idan ka saita shi kan bangon, wurin da ya turo ɗin nan zai bushe ya tsage, ka yi haɓo. Kada ka ja shi da ƙarfi har ka ji ɗacinsa a maƙogwaro, shaƙa a hankali ta isa.

Yanzu mu zo kan Ayurbeda, domin ba na so ka ɗauka raina ta nake yi. Ilimi ne mai tsohon tarihi, da manyan littattafansa irin su Charaka Samhita da Sushruta Samhita da Ashtanga Hridaya. Gwamnatin Indiya ta ware masa ma'aikata guda tare da sauran hanyoyin maganin gargajiya a 2014, wadda ake kira AYUSH, likitocinsa kuma shekara biyar da rabi suke karatu kafin su sami digiri. Ɗurin da aka ce za a yi maka shi suke kira nasya, ɗaya daga cikin hanyoyi biyar na tsarkake jiki da suke kira panchakarma. A wurinsu hanci ƙofar kai ne, don haka ta nan ake aika magani ga duk abin da ke sama da wuya. Man da suka fi amfani da shi, anu taila, man riɗi ne da aka dafa da nonon akuya da itatuwa masu yawa. Ana shafa wa mutum mai a fuska, a yi masa ɗumi, a kwantar da shi rigingine a ɗiga. Mutane da yawa suna jin daɗinsa, busasshen hanci ya yi laushi, majina ta saki. Wannan duk aikin fata ne, ba na musa shi.

Amma ka dubi Sushruta kansa, wanda Indiyawa ke alfahari da shi a matsayin uban tiyata. A littafinsa ya bayyana yadda ake gyara wa mutum yankakken hanci: a auna da ganye, a yanko fata daga kumatu, a ɗinke, a sa bututu biyu don ƙofofin su zauna a buɗe. Wata hanyar gyaran hanci ta Indiya, mai amfani da fatar goshi, ita ce wata mujallar Landan ta buga labarinta a 1794, likitocin Turai suka koya daga nan. Ka ga ke nan magabatan wannan ilimi sun san bambancin abin da mai ke yi da abin da sai wuƙa. Idan maganar sauya ginin hanci ce, su ma wuƙa suka ɗauka. Littattafan nasu sun kuma hana ɗurin nasya ga mai sabuwar mura, da wanda ya gama cin abinci, da mai ciki, da ƙaramin yaro, domin sun san ba wasa ba ne. Wanda ya yi maka alkawarin miƙewar bango da mai ya wuce gona da iri har a ma'aunin nasu.

Ɗiga mai a hanci kuma yana da haɗarin da ba a cika faɗa ba. Mai ba ya sa tari kamar ruwa, yana iya silalewa ta bayan maƙogwaro ya shiga huhu mutum bai sani ba, musamman idan kwance yake ko barci ya ɗauke shi. Huhu ba ya iya fitar da shi, sai ya taru ya haddasa wani irin ciwon huhu mai wuyar ganewa, wanda maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi masa komai. Likitocin Abha da ke yankin Asir na Saudiyya sun rubuta labarin yara da dama da suka kamu da shi saboda al'adar ɗura musu man shanu a hanci, an kuma ga irinsa a kudancin Indiya. Baligi mai lafiya da ya shafa ɗigo ɗaya da ɗan yatsa a bakin ƙofar hanci da rana, yana zaune, haɗarinsa kaɗan ne. Cika hanci da mai kullum kafin kwanciya shi ne ba na so. Wannan ya haɗa da man habbatussaudan Mama, wanda bayan haka yana da zafi, zai iya ƙona fatar da Otrivin ya riga ya jigata. Ka sha shi da zuma idan kana so, amma kada ka kai shi hanci. Haka man zafi irin su Robb: sanyin da suke sa ka ji yana sa ka ɗauka hanya ta buɗe, alhali faɗinta bai ƙaru ba. A shafa a ƙirji, kada a cusa ciki.

Ƙwayoyin da suka ce za su haɗa maka ma ina da magana a kansu. Akwai reshen Ayurbeda da ake kira rasa shastra, wanda da gangan ake sarrafa ƙarafa a cikin magani. A 2004 wasu masu bincike suka sayi magungunan Ayurbeda iri 70 a shagunan yankin Boston na Amurka suka auna, 14 daga ciki suna ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar arsenik. A 2008 suka maimaita da waɗanda ake sayarwa ta intanet, sakamakon ya sake fitowa kusan ɗaya cikin biyar. Duka biyun an buga su a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kada ka haɗiyi ƙwayar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, garin gyaran gira a rasa ido. Shayin citta da kurkur da ganyen tulsi, ɗan'uwan ɗoɗɗoyarmu, wannan kam sha abinka, yana ɗumama maƙogwaro.

Abin da Indiya za ta ba ka wanda ya fi duk waɗannan amfani, kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ɗaya ba. Wanke hanci ne da ruwan gishiri, wanda suke kira jala neti. Daga yoga ya fito, likitocin asibiti kuma sun karɓe shi hannu bibbiyu. A Birtaniya an gwada shi a kan mutum 871 masu daɗaɗɗen ciwon kogunan hanci, aka buga sakamakon a 2016: waɗanda aka koya wa wankin sun sami sauƙi, sirace kuwa bai rage toshewa ba, ciwon kai kawai ya ɗan sassauta. Don haka siracen ruwan zafi ba laifi idan yana yi maka daɗi, sai dai ka kula da ƙuna, kada kuma ka dogara da shi.

Ga yadda ake wankin. Ka sayi 'yar butar neti, ƙarama ce mai dogon baki, ko robar matsawa da ake sayarwa a kemis tare da ƙullin gishirinta. Ka tafasa ruwa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ka bar shi ya huce har ya zama ɗumin jiki. A rabin lita ka zuba gishiri shafaffen ƙaramin cokalin shayi, ba tozo. Ɗanɗana: ya yi kamar hawaye. Idan gishirin ya yi kaɗan zai yi maka yaji kamar ruwan da ya shiga hanci wurin iyo, idan ya yi yawa ma haka. Ka tsaya gaban wurin wanke hannu, ka sunkuya, ka karkatar da kai gefe har kunne ɗaya ya kalli ƙasa, ka buɗe baki kana numfashi ta nan. Sa bakin butar a ƙofar da ke sama ka ɗaga a hankali. Za ka ji ruwan ya zagaya ta baya, sai ka ga ya zubo ta ƙofar ƙasa, da farko ɗis-ɗis, daga baya zara-zara, da majina da baƙin ƙurar da ka kwaso a hanya. Ka juya ka yi ɗaya gefen. Ta hagu zai fi jinkiri, kada ka matsa masa. Sannan ka fyace a hankali, ba da ƙarfi ba don kada ruwa ya tafi kunne. Safe da yamma, na yamman ya zama awa guda kafin kwanciya, maganin likita kuma ya biyo bayan wankin da kamar minti goma sha biyar, don ya sauka a kan fata mai tsabta. Kai da kake shaƙa ruwa ka fyace a kowace alwala, ba zai zama maka baƙon abu ba. Ranar da kake azumi ka bar shi sai bayan shan ruwa, tunda hadisi ya ce a kai matuƙa wurin shaƙa ruwa sai dai in ana azumi.

Tafasa ruwan nan ba na son ka yi wasa da shi ko sau ɗaya. Akwai wata ƙwayar halitta mai rayuwa a ruwa mai ɗumi, Naegleria fowleri, wadda idan an sha ta ba ta komai, amma idan ta shiga can ƙuryar hanci tana iya bi ta jijiyar jin ƙamshi ta kai ƙwaƙwalwa, kuma da wuya a tsira. Ba kasafai take faruwa ba, amma a 2011 mutum biyu sun mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun yi wankin neti da ruwan famfo. Wankin buta yana kai ruwa can cikin hanci. Ruwan tankin saman bene, wanda ya wuni a rana, shi ne ainihin wanda za ka guje wa. Ka wanke butar bayan kowane amfani ka kife ta ta bushe, kada ka yi tarayya da kowa a kanta. Idan kuma wani malamin yoga ya ce zai koya maka sutra neti, wato zura zare ko siririyar roba ta hanci a fito da ita ta baki, ka ce masa ka gode. A lungun da ya riga ya ƙuntata, yage fata kawai za ta yi.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Ka kwanta a kan gefen dama, hagu na sama, domin gefen da ke ƙasa shi ke cika. Ka ƙara matashi. Ranar da hayaƙi ya rufe gari ka sa takunkumin N95, na yadi ba ya tare irin wannan ƙura. Ka fitar da turaren tsinke da maganin sauro na kunnawa daga ɗakin kwana, ka nisanci shisha da sigari. 'Yar filastar da ake mannawa a karan hanci da dare tana taimakon wasu, gwada ta ba asara. Numfashin yoga na toshe ƙofa ɗaya a shaƙa da ɗaya, wanda suke kira anulom vilom, yana kwantar da hankali kafin barci, ka yi idan ka ga dama, amma ba ya tura bango. Idan haɓo ya zo, ka zauna ka sunkuya gaba, ka matse tattausan ɓangaren hancin minti goma zuwa goma sha biyar ba sakewa. Ɗaga kai sama jinin yake turawa ciki.

Akwai alamun da idan ka gani ba za ka jira komai ba, asibiti za ka nufa: majina mai jini ko mai wari daga ƙofa ɗaya kullum, toshewar da ke ƙaruwa a gefe ɗaya ba ta sassautawa ko kaɗan, kumburin fuska ko kewayen ido, gani biyu-biyu, haɓon da ya ƙi tsayawa bayan minti ashirin, ko daina jin ƙamshi gaba ɗaya. Ka kuma roƙi abokin ɗakinka ya saurare ka dare ɗaya. Idan minshari ne kawai, da sauƙi. Idan kuwa numfashinka na ɗaukewa ka yi shiru sannan ka farka da shaƙewa, kuma da rana barci na kwashe ka a aji, wannan wata matsala ce dabam da ake aunawa da gwajin barci, ka gaya wa likita.

Game da Mama, abin da ya taɓa hanci ido ke ruwa. Ɗanta na wata uwa duniya, an ambaci wuƙa, dole hankalinta ya tashi. Ka kira ta ka fara da abin da zai sanyaya mata rai, wanda kuma gaskiya ne: likita da kansa ya ce ba ka buƙatar tiyata. Ka yi mata godiyar man, ka ce kana sha. Amma ina so kai ka san yadda aikin yake, don kada tsoro ya yanke maka hukunci wata rana. Ta cikin ƙofar hanci ake yin sa, ba tabo a waje, yakan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, galibi a sallami mutum a ranar. Yana da nasa haɗarin, kamar zubar jini, ko huda a bangon, ko a yi kuma toshewar ba ta tafi duka ba. A 2023 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitocin Birtaniya kan manya 378 masu karkataccen bango: bayan wata shida, waɗanda aka yi wa aikin sun fi waɗanda aka bari kan maganin fesawa da ruwan gishiri samun sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai waɗannan mutane ne da toshewarsu ta kai matsakaiciya ko mai tsanani. Ba a san ajin da kake ba tukuna, domin hancin da likita zai auna gaskiyarsa shi ne wanda ya rabu da Otrivin.

Ka sami ɗan littafi ka ajiye kusa da gado. Kowace safiya ka rubuta kwanan wata, ka ba toshewar daren jiya maki daga sifili zuwa goma, ka rubuta ko ka tashi da busasshen baki. Ka yi haka mako takwas, kana wanki safe da yamma, kana fesa maganin likita ba fashi, ba Otrivin. Da littafin za ka koma wurinsa. Idan makin ya sauko, ka ci gaba da wankin duk lokacin hayaƙi, haka ma idan ka dawo gida hutu ka tarar da hunturu. Idan bai sauko ba, sai ku zauna da shi da iyayenka a yi maganar aiki a natse, a can ko a gida, lokacin dogon hutu. Kuɗin Baba ka bar su inda suke, buta da gishiri da kwalbar magani ɗaya kawai za ka cire. Ka rubuto min bayan makon farko na barin Otrivin, shi ne mai wuyar, ina so in ji yadda ka kwana.